Bayan Kujerar Baba

Ana cewa auta shalele, amma wannan Autar ba ta ga shalelen da ake faɗa ba. Mahaifinta kafinta ne, kuma tun kanta bai kai tsayin bencin aikinsa ba, maganar da ta fi ji daga bakinsa ita ce, "Auta, riƙe min nan." Sai ta danne ƙarshen katako da tafukanta biyu, ta ƙanƙance ido saboda garin katako, zarto yana tafiya yana dawowa, rawar katakon tana ratsa hannunta har cikin haƙoranta. Idan gutsuren ya faɗi ƙasa Baba ya ce, "Madalla, hannunki ba ya motsi." Da wannan yabon ta girma, kuma ta so shi ƙwarai.

Yayanta namiji shi Baba ya so ya gaji sana'ar. Shi kuwa Yaya da ya ji ƙarar guduma sai cikinsa ya fara ciwo, da an ce ya je ya huta sai a gan shi a filin ƙwallo. An cusa masa zarto a hannu har an gaji. Ita da take so, sau ɗaya ta taɓa roƙa. Baba ya yi dariya, ya ja mata kumatu ya ce, "Ki bar zarto, kar ki guntule 'yan yatsun nan mijinki ya ce na cuce shi." Ba da mugunta ya faɗa ba, ko kusa. Ita ma ta yi dariyar, ta koma ta danne katakonta.

Mijin da aka ajiye wa yatsun ya zo, an yi aure, auren bai yi ƙarko ba. Ba duka ba zagi, zaman ne kawai ya ƙare. Ta dawo gida da nufin ta ɗan huta kafin ta ga abin da hali zai yi. Tana cikin hutun Inna ta rasu, ba a jima ba wata safiya Baba ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya ƙi tashi tare da shi. Da 'yan'uwa suka taru don a san yadda za a yi, ba a wani daɗe ana shawara ba. Yayyenta mata suna gidajen mazajensu a nesa, Yaya yana da shagon wayoyi a kasuwa da ba ya baruwa. Babbar yayarsu ta ce, "Kun ga ikon Allah, ashe dawowar Auta ma alheri ce." Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya juya ya tambayi alherin ko ta yarda.

Daga nan duniyarta ta zama ɗaki biyu da tsakar gida. Ta tashe shi, ta wanke shi, ta juya shi kada gado ya ci masa baya, ta ba shi abinci da cokali tana goge gefen bakin da ya karkace. Shagon kafintar Baba da ke ƙofar gida aka rufe, yaransa na da suka raba kayan aikin. Ba ta yin nisan da ba za ta ji kiransa ba, ko kantin bakin layi za ta je, da gudu-gudu take dawowa. Shekarunta suka haura arba'in tana nan. Tana son mahaifinta, wannan ba a ja. Amma takan tsaya da tsintsiya a hannu ta ji ƙirjinta ya cushe, ta rasa wanda za ta gaya wa, don duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa, wai ita ta dace, ladan iyaye duk ta kwashe.

Likita ne ya ce a riƙa kai Baba motsa jiki, ya kuma yi musu kwatancen cibiyar koyon sana'a ta unguwarsu, inda ake da ajin motsa jiki na tsofaffi duk Asabar. Tsohon sito ne aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki da allunan katako. Ranar Asabar da safe wurin cika yake. Yara suna fitowa daga ajin zane da fenti har a goshi, wasu suna buga ƙwallo a farfajiya, can ciki kekunan ɗinki suna ta surutu, ga ajin kwamfuta inda manya da furfura suke laluben haruffa da yatsa ɗaya. Auta takan turo Baba a keken guragu, wanda shi ya hana a kira da wannan sunan a gabansa, sai dai a ce motarsa. A hanya yakan ce, "Direba, a yi hankali da ramin nan, ba ni da tayar canji."

Mai kula da ajin tsofaffi wani ƙaton mutum ne mai ɗingishi, ana ce masa Mai Usur, don ko gaisuwa zai yi sai ya busa. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya wasa da ita: kowane tsoho da mai riƙonsa. Za a ɗaura wa tsohon faffaɗar ɗamara a ƙugu, mai riƙo ya tsaya bayan kujera ya cusa hannu cikin ɗamarar, ba zai zare ba har a tashi. An ce wata tsohuwa ta taɓa zamewa ta karye a ajin, tun daga ranar ya kafa dokar. "Wanda ya saki ɗamara," in ji shi, "shi da tsohonsa su kama hanya, ba ni ba su." Haka Auta ta sami sabon wurin tsayuwa. A busa usur Baba ya miƙe, a busa ya zauna, a busa ya ɗaga ƙafar da ba ta jin magana, ita tana baya tana riƙe.

To, allunan da aka raba ɗakunan da su ba su kai rufi ba. Kuma ɗakin da ke jikin kujerar Baba, a daidai wannan lokacin, ajin kafinta ne na manya.

Ranar farko da ta ji zarto ya kama katako, tsikar jikinta ta tashi. Ƙamshin ɗanyen katako ya tsallako ta sama, gari yana sauka a hankali a kan kafaɗunsu. Malamin ajin ana ce masa Fensir, saboda kullum yana cigiyar fensirinsa alhali yana maƙale a bayan kunnensa. Muryarsa tana fitowa tar. "Kar ka danne shi, bawan Allah, bar zarton ya ci da kansa. Hajiya, auna sau biyu kafin ki yanka, katako ba ya tsirowa." Hajiya? Auta ta kasa kunne. Ashe har da mata a ciki. Da aka tashi ta gan su da idonta, wata mai ƙiba da tabarau, wata siririya mai yawan dariya, kowacce ta rungumo ɗan bencin da ta yi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, suna tafe suna taƙama. Kishi ya kama ta, kishi na gaske, har ta ji kunyar kanta.

Baba ma yana ji. Tsakanin busa da busa yakan karkato ya ce da ita ƙasa-ƙasa, da harshensa mai nauyi, "Ji wancan, zai karya wa mutane zarto." Ko kuma, "Wannan ƙusar ta lanƙwashe, ki ji yadda take kuka." Su yi dariya tare. Ita ma da kunne take gane komai, ta san wanda ya fara yanka a karkace, ta san lokacin da katako ya kusa rabuwa. Abin ya zame mata ƙwalelen kare da hantar kura, allo ɗaya ne tsakaninta da abin da ta so tun tana yarinya, hannunta kuwa yana cikin ɗamara. Duk da haka Asabar ta zama ranar da take jira. Tun ranar Juma'a take goge mayafinta.

Wata rana, Baba yana gaisawa da abokan ajinsa, ta tari Fensir a baranda ta tambaye shi ko akwai wata ranar da ake koyarwa ban da wannan. Ya ce babu, sauran ranakun masu rini ne ke amfani da ɗakin. Ya dube ta ya ce, "'Yar tsohon kafintan nan ce ko? Ai ke da gado za ki shigo. Ki zo duk ranar da kika samu, ƙofa a buɗe take." Ta yi godiya. Ƙofa a buɗe, gaskiya ne, mai shiga ce a ɗaure.

Mafita ɗaya ce, a sami wanda zai tsaya bayan kujerar. Ta kira Yaya ta ce tana da 'yar buƙata, ko zai karɓe ta safiyar Asabar. Ba ta faɗi buƙatar ba. Ta san idan ya ji kafinta zai yi dariya har da riƙe ciki, kafin yamma labarin ya zaga dangi, ya dawo kunnen Baba. Yaya ya ce, "Haba Auta, wannan har sai kin roƙa? Baba ai namu ne duka. Wannan satin dai kaya za su iso, amma na sama, ki sa a ranki kin huta." Na saman ya zo, aka ce yaron shago ba shi da lafiya. Na bayansa kuma sai ya manta. Romon baka dai ta sha shi har ta ƙoshi. Rannan ya zo gaida Baba, ta raka shi ƙofar gida, ta ce, "Yaya, tun da Baba ya kwanta ban taɓa roƙonka komai ba. In ba za ka yi ba, ka ce ba za ka yi ba." Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya sosa ƙeya ya ce zai zo.

Ya kuwa zo, cikin kaya masu sitaci, waya a kowane aljihu. Auta ta ɗaura wa Baba ɗamara da kanta, ta kama hannun Yaya ta cusa a ciki, ta nuna masa yadda zai tokare da gwiwa idan Baba ya rinjaya dama. "Kar ka saki, Yaya, ko me ya faru." Ya ce, "Ke, ni za ki koya wa riƙon ubana?" Baba ya ce ta je abinta, Allah ya kiyaye hanya. Ta fita ta babbar ƙofa kamar mai tafiya unguwa, ta zagaya bayan ginin, ta shiga ajin kafinta.

Fensir bai yi mata dogon bayani ba. Ya ba ta katako mai tsawon kamu biyu, da tef ɗin awo, ya laluba aljihunsa yana neman fensir har mai tabarau ta nuna masa kunnensa. Auta ta auna, ta sake aunawa, ta ja layi. Ya miƙo mata zarto. Ya fi yadda ta zata rashin nauyi, mariƙinsa ya yi sulɓi saboda hannuwan da suka sha riƙe shi. Sai Fensir ya ɗaga murya ya ce, "Wa zai riƙe mata?" Mai tabarau ta matso, ta danne ƙarshen katakon da tafukanta biyu, ta ce, "Bismillah, 'yar'uwa, na riƙe." Auta ta tsaya tana kallon waɗannan hannuwan. Tunda take, ba a taɓa riƙe mata komai ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce gari ne.

Ta ɗora haƙoran zarton a bakin layi, ta ja baya a hankali har ya sami hanya, sannan ta sake shi ya ci da kansa. Rawar nan da ta sani tun tana yarinya ta dawo, amma yau daga ɗaya ɓangaren take zuwa. Gari yana zuba a kan ƙafarta. Ba ta tuna magani ba, ba ta tuna wanki ba, ba ta tuna kowa ba. Daɗi ta ji, tsantsar daɗi, irin wanda ta manta ana ji. Fensir ya zo wucewa, ya leƙa, bai ce komai ba ya wuce, shi kuwa idan bai yi magana ba to ba gyara.

Ta kai tsakiyar katakon ke nan ta ji wayar Yaya tana kiɗa a bayan allo. Ashe yadda ƙarar wannan ɗakin ke tsallakawa can, haka ta can ke tsallakowa nan. Ta ji ya ce, "Alo, kayan sun iso?" Sai kujera ta ja ƙasa da ƙarfi, usur ya yi wata doguwar ƙara, sannan muryar Baba, a shaƙe, "Auta!"

A cikin katakon ta bar zarton.

Ta iske Baba a ƙasa tsakanin kujera da bango, Yaya a tsaye da waya a hannu yana cewa ɗan sakin da ya yi bai kai ƙiftawar ido ba, Mai Usur yana zazzaga masa faɗa. Baba bai karye ba, gwiwar hannunsa ce kawai ta ɗaye. Amma wandonsa ya jiƙe, a gaban tsofaffi da masu riƙonsu, maza da mata. Auta ta warware mayafinta ta rufe masa cinya, ta cusa hannu a ɗamara, ta tokare da gwiwa ta ɗaga shi. Garin katako ya zubo daga mayafin, amma ɗakin kullum cikin garin yake, ba wanda ya kula. A cikin rikicin ba a ma tambaye ta yadda aka yi ta dawo da wuri haka ba. A hanyar gida Baba bai kira ta direba ba.

Kwanaki ya yi ba ya magana sai dole. Ranar Juma'a da la'asar ya ga ta ɗauko mayafi za ta goge, sai ya kira ta ya ce ta zauna.

"Auta, na yi tunani. Na daina zuwa wurin nan."

Ta ce, "Haba Baba, don ɗan abin da ya faru? Kowa a ajin nan ya taɓa faɗuwa. Likita ma ya ce ƙafar tana samun sauƙi."

"Likita ba shi yake tura motar ba. Yayanki ya bar kasuwarsa saboda ni, ke 'yar unguwar da za ki je ma ban bari kin je ba. A gida ko barci kya samu." Ya tattara numfashi. "Kuma kar ki ga kamar ba na lura. Duk ranar da aka fara yanka a ɗakin can, ina jin hannunki yana sanyi a bayana. Na waiwaya na ga kina kallon bango, idonki cike da hawaye. Na san abin da ke ranki. Ƙarar nan tana tuna miki da ni ne, lokacin da nake mutum. Don me zan riƙa jan ki duk sati kina shan baƙin ciki? Na hutar da ke."

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Baba, ba kai nake tunawa ba, zarton nake so. Amma idan ta faɗa, sai ta faɗi inda take ranar da ya faɗi, cewa tana nan bayan allo tana jin daɗi shi yana ƙasa. Sai ta gaya wa tsohon da ba ya iya ɗaga cokali cewa bayan kujerarsa ya ishe ta. Ga shi yana kallonta fuskarsa a sake, ya yi mata kyautar da ita kaɗai ta rage masa ikon yi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To Baba. Allah ya saka da alheri." Ta ninke mayafin ta mayar cikin akwati.

Asabar ta koma kamar Talata. Da hantsi takan ji kamar ƙamshin katako, ta tsaya da tsintsiya, sai ta ga ba komai. Yaya ya ce shawarar Baba ta yi daidai, dama shi tun farko bai ga amfanin wahalar da tsoho ba.

Bayan 'yan makonni Mai Usur ya zo dubiya. Ya yi lallashi, ya yi barkwanci, har usur ya busa a tsakar gida, Baba ya yi dariya amma ya ce shi da wurin nan sai dai a labari. Da zai tafi, a bakin ƙofa, ya miƙa wa Auta wani abu a naɗe cikin buhu. "Fensir ya ce in ba ki. Ya ce naki ne, bai bari kowa ya taɓa ba." Ta jingine shi a bayan ƙofar ɗaki, ba ta ko buɗe ba.

Da safe tana shara buhun ya zame, katakon ya faɗo. Baba yana zaune a bakin gado, ya ce, "Mene ne wancan? Miƙo min." Ta ce wani guntu ne aka ba ta daga cibiya, ko zai yi amfani a gida. Ya ɗora shi a cinya, ya bi layin fensirin da babban yatsansa na hagu, ya ɗaga shi saitin taga ya rufe ido ɗaya yana duban tsagar, yadda ta sha ganin yana yi a shago.

"Kai," ya ce. "Wannan hannun ya miƙe. Bai danne ba, bai kauce ba. Da a shagona ne da na riƙe shi, ba zan bari ya tafi ba." Ya sake shafawa har inda tsagar ta tsaya. "To me ya hana shi ƙarasawa?"

Auta ta ce, "Kiransa aka yi, Baba."

Ya girgiza kai ya ce mutane ba su san darajar aiki ba, a bar mutum ya gama mana. Ya ajiye katakon a gefen gado, ya dafa katifa yana ƙoƙarin miƙewa.

"Auta, riƙe min nan."

Ta jingine tsintsiyar ta zo ta riƙe.